Masu zanenmu su zana rawar kanta, ba mai rawa kaɗai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana da ƴan'uwanmu masu zane na Yamai da Tawa, da malaman da ke koyar da zane a kolej da lise. Maganar a kan zanen rawa ce.

Duk wanda ke shiga otel-otel da ofisoshin garin nan ya san irin tablon, wato zanen da ake ratayawa a bango: samarin Woɗaaɓe da kwalliyar Gerewol, ko ƴan mata kewaye da makaɗin kalangu, ko ƴan kokowa biyu sun sarƙe. Hannun masu zanen yana da kyau, ba mu raina shi ba. Kwalli ya fito, wuri ya fito, har layun da ke damtse ana iya ƙirgawa. Amma mutanen cikin tablon ba rawa suke ba, tsaye suke da kayan rawa. Dalili kuwa daga hoto guda aka kwafe su, shi kuma hoto guda ƙiftawar ido ɗaya yake kamawa. Rawa tana tsakanin wannan taku da na gaba, kuma nan ne zanenmu bai kai ba tukuna.

An yi wa wannan matsala aiki sosai a Turai tsakanin 1880 da 1930. Za mu bar sunayen mutanen yadda ake rubuta su, don mai salula ya nemi ayyukansu a intanet ya gani da idonsa.

Wanda ya buɗe hanyar ma ba mai zane ba ne. Étienne-Jules Marey likita ne Bafaranshe mai nazarin motsin jiki. A 1882 ya ƙera na'urar hoto mai siffar bindiga wadda ke ɗaukar hoto 12 a sakan ɗaya, don ya ga yadda tsuntsu ke kaɗa fiffike. Ya kuma riƙa tara hotunan mutum mai tafiya a kan faranti guda, kuma nan ya gamu da cikas. Jikin mutum yana da faɗi. In yana tafiya a hankali, hoto na biyu sai ya hau kan na farko, na uku ya hau kan na biyu, a ƙarshe ba a ganin komai sai fari dishi-dishi. Maganin da ya samo shi ne tushen duk abin da za mu faɗa. Ya sa wa mutumin baƙaƙen kaya daga kai har ƙafa, ya sa fararen layuka a tsawon hannu da ƙafa, da ɗigo a kan gaɓoɓi, ya ce ya wuce ta gaban rumfa mai duhu. A hoton da ya fito babu mutum. Layuka ne kawai suna buɗewa suna rufewa, ɗigon kai yana hawa yana sauka, amma duk wanda ya kalla ya san tafiya ce, har yana iya cewa gudu ne ko tsalle.

Masu zane sun ga waɗannan hotuna. A 1910 wasu ƴan Italiya suka fitar da sanarwa cewa dokin da ke gudu ba ƙafa huɗu gare shi ba, ashirin ne. Ɗaya daga cikinsu, Giacomo Balla, ya zana wani ɗan kare yana tafiya da uwargijiyarsa a 1912, ƙafafunsa da wutsiyarsa da sarƙar wuyansa duk an maimaita su sau da yawa. A shekarar dai ya zana yarinya tana gudu a baranda, da ɗigo-ɗigon launi, ita ɗaya amma a jere daga wannan gefen tablo zuwa wancan. Marcel Duchamp ma a 1912 ya yi zanen mutum yana saukowa daga matakala, wanda ya tayar da ƙura da aka nuna shi a Amurka a 1913, kuma shi da bakinsa ya ce ya san aikin Marey.

Maimaita ƙafa sau ashirin matakin farko ne kawai, kuma waɗanda suka wuce shi su ne suka fi amfani gare mu. František Kupka, ɗan ƙasar Cek mazaunin Faransa, ya fara da zanen ƴar matarsa tana wasa da ƙwallo. Shekara da shekaru yana rage zanen, har a 1912 ya nuna babban tablo wanda ba yarinya ba ƙwallo, sai hanyar da ƙwallon ta bi, ja da shuɗi suna naɗe juna a kan fari da baƙi. Theo van Doesburg na Holan ya ɗauki mai rawar Rasha ya yi ta zana shi bi da bi, kowane zane ya fi na baya sauƙi, har a 1918 ya rage ƴan sanduna masu launi, wasu tsaye, wasu kwance, wasu sun karya kusurwa. Zane-zanen gwajin suna nan an adana su, kuma a ganinmu sun fi tablon ƙarshe amfani ga ɗalibi, don a cikinsu ake ganin abin da ya cire da abin da ya ƙi cirewa. Sai Kandinsky, mai zane ɗan Rasha, wanda a 1926 ya ɗauki hotuna huɗu na wata mai rawa Bajamushiya, Gret Palucca, ya mayar da kowanne ƴan layuka da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Za a ce mana wannan kwaikwayon Nasara ne. To a tuna cewa a 1907 Picasso ya shiga gidan kayan tarihi na Trocadéro a Paris ya ga fuskokin dodanni da aka kwaso daga Afirka, kuma abin da ya gani ya canza zanensa. Yawancin irin waɗannan fuskoki don rawa aka sassaƙa su, shi kuwa a ajiye ya same su, ba ganga ba mai rawa. Mu rawar tana dandalinmu. Zane mara sura kuma ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe: aska takwas da dagi a ƙirjin babbar riga, da zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, da na ƙwarya da faifai, duk shi ne. Abin da za mu ɗauka dabarar kallon motsi ce, ba kamannin tablonsu ba. Akwai kuma iyaye da yawa da ba sa son ɗansu ya zana sura mai rai. Hukuncin wannan na malamai ne, ba namu ba. Abin da muke iya cewa shi ne aikin da za mu bayyana yana ƙarewa da layi da launi, ba fuska ba ido.

Ga yadda ake yi, da salula ɗaya da takarda.

A fara da neman izinin mai rawar, in yaro ne ko yarinya a nemi na iyaye, kuma bidiyon ya tsaya a aji kada ya fita waje. A sa masa baƙar riga mai dogon hannu da baƙin wando, masu kama jiki. A yanko farin ƙyalle mai faɗin santimita 2 a ɗinka a gefen hannu daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, da gefen ƙafa daga ƙugu zuwa idon sawu, a ɓangaren da ke fuskantar kyamara kaɗai. Ɗinki muka ce. Wanda ya manna da gam zai ga gumi ya ɓamɓare shi kafin a yi zagaye biyu. A sa farin ɗigo mai girman dala a wuri bakwai: saman kunne, kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, ƙugu, gwiwa, idon sawu. In ya riƙe sanda, a sa na takwas a bakin sandar.

Salular a kafa ta ta zauna daram, a kan tebur ko tsakanin tubali biyu, daidai tsayin ƙugun mai rawar, nesa da shi kamar mita 5. In aka riƙe ta a hannu, girgizar hannun mai ɗauka za ta gauraya da motsin mai rawa, ba mai iya raba su. In aka matso kusa da yawa, hannun da ya miƙo wajen kyamara zai kumbura ya fi ƙafa girma. A ɗauka a waje, da hantsi, rana tana bayan mai ɗauka. A cikin ɗaki ko da magariba salula takan daɗe kafin ta kama kowane hoto don ta sami haske, ɗigon sai ya zama shafe, ba a san inda za a sa bakin fensir ba.

Yawancin salula hoto 30 take ɗauka a sakan. A ce zagaye ɗaya na rawar, daga taku har ya komo kan takun farko, ya ci sakan 2: hoto 60 ke nan. Ba duka ake so ba. A ɗauki ɗaya a tsallake huɗu, a sami 12. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne zaɓe. Ɗalibi zai so ya ɗauki hotunan da jiki ya yi kyau ya bar sauran, kuma da ya yi haka ya kashe aikin, domin tazarar lokaci tsakanin hotuna dole ta zama ɗaya. Ga dalili. In lokacin daidai yake, tazarar da ke tsakanin ɗigo da ɗigo a takarda ita ce saurin motsin. Inda ɗigon wuyan hannu ya yi nisa da na gabansa, hannun yana gudu. Inda suka cushe wuri ɗaya, hannun ya tsaya ko yana shirin juyawa, kuma sau da yawa nan ne bugun ganga ya faɗa. Wannan cushewa da buɗewa ita ce kiɗan a takarda. Mai zanen da ya jera layukansa a tazara ɗaya don ya ga sun yi tsaf, shinge ya zana.

Sai a ɗora takarda mai shara-shara a fuskar salula ko kwamfuta, a ƙure hasken, a ɗiga wurare bakwai ɗin na hoton farko, a haɗa su da layi, a rubuta 1 kusa da ɗigon kai. A wuce na gaba a kan takardar nan dai, a rubuta 2, har 12. Kafin a fara a sa alama a kusurwa biyu na wani abu da ba ya motsi a cikin hoton, bakin ƙofa ko gindin itace, don in takardar ta goce a mayar da ita mazauninta.

Nan cikas ɗin Marey zai dawo. Mai rawar da ke tafiya daga hagu zuwa dama, layukansa da kansu za su bazu. Wanda ke rawa wuri ɗaya kuwa, goma sha biyun duk za su hau juna su cukurkuɗe. Magani biyu ne. Ko a riƙa jan takardar santimita 2 zuwa hagu bayan kowane hoto, lokaci ya zama tsawon takarda, ko kuma a bar layin gaɓoɓi a bi ɗigo ɗaya kaɗai, a haɗa wuyan hannu na 1 da na 2 da na 3 har ƙarshe, a sami hanyar da hannun ya bi a iska. Ta biyun ita ce hanyar Kupka. Rawar da'ira kuma daga gefe ba ta fitowa, sai an hau soro an ɗauko ta daga sama.

Abin da aka samu zuwa nan ba tablo ba ne tukuna, awo ne. Aikin mai zane yanzu zai fara, kuma aikin ragewa ne. A sake zana shi sau biyar ko shida a sabuwar takarda, kowane karo a cire layin da in babu shi motsin bai ragu ba. Za a ga gwiwar hannu sau da yawa ana iya barinta, ƙugu kuwa ba a iya barinsa, don shi ke ɗauke da nauyin jiki. In ƙugu ya ɓace zanen sai ya yi ta shawagi kamar ba ƙasa a ƙarƙashinsa. A bar abu ɗaya tsayayye a ciki, ko layin ƙasa ko layi a tsaye. Balla ya bar ƙarafan barandar a zanen yarinyar, kuma da su ne ido ke auna gudunta. A kuma nuna inda motsin ya dosa: matsayi na farko ya zama mara ƙarfi, launi yana ƙara kauri har na ƙarshe. In duka ƙarfinsu ɗaya, mai kallo ba zai san ko hannun sama yake yi ko ƙasa ba.

Kada a manta da tufafi. Loïe Fuller, Ba'amurkiyar da ta yi suna a Paris daga 1892, da yadin siliki mai yawa take rawa, tana kaɗa shi da sanduna a hannu, har masu zanenta suka koma zana yadin suka bar jikin. A rawarmu ma haka ne: bakin babbar riga da jelar rawani da gefen zane suna makara, jiki ya juya su kuma suna nan suna biye. A sa wa bakin rigar ɗigonta, a bi hanyarta dabam da wani launi. Wannan ƴar makara ita ke sa layi ya yi rai.

Game da launi, uku sun isa. Matisse ya yi babban zanen rawarsa na 1910, mai tsawon kusan mita 4, da shuɗi da kore da ja kaɗai. A cikin da'irar mutum biyar ɗin akwai wuri ɗaya a gaba inda hannu bai kai ga hannu ba, kuma ido can yake komawa kullum, yana son ya rufe giɓin. Malami ya sani mutanen cikin wannan zane ba su da tufafi, sai ya duba kafin ya kai shi aji. Sonia Delaunay ta bi wata hanya a 1913, a zanenta na gidan rawar Bullier, mai tsawon kusan mita 4 da tsayin da bai kai mita 1 ba: ido ba ya iya haɗiye shi lokaci guda, dole ya yi tafiya. Ta dogara da binciken Chevreul, shugaban marinar masaƙar Gobelins, wanda a 1839 ya bayyana cewa launi yana canza maƙwabcinsa. Ja kusa da kore, ko shuɗi kusa da ruwan goro, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, bakin da suka haɗu har rawa yake yi a ido. Sharaɗin shi ne a jera su, kada a gauraya. In burushi ya ja ɗanyen ja ya shiga ɗanyen kore, ruwan ƙasa za a samu, kuma wannan ne ke kashe yawancin tablon ɗalibai. A bar ɗaya ya bushe kafin a sa na kusa da shi, a ware wa kowane launi burushinsa.

Ba sai da kayan tsada ba. Takardar buhun siminti da gawayi da alli sun isa duk aikin gwaji, don launinta tsaka-tsaki ne, baƙi da fari duka suna fita a kanta. In an gama a fesa mata tsinkakken ruwan ƙaro kada gawayin ya goge. Wanda zai hau yadi ya dama kashi biyu na farin fentin bango na ruwa da kashi ɗaya na farin gam na kafinta, ya shafa sau uku, na farko tsinkakke, kowanne ya bushe kafin na gaba, in ba haka ba yadin zai shanye launin. Fentin akirilik da hunturu cikin ƴan mintoci yake bushewa a faranti, sai a dama shi a kan jiƙaƙƙen tsumma, a kuma dama wanda zai isa tun farko, don in ya bushe yakan ƙara duhu kaɗan, na biyu ba zai zo daidai da na farko ba. Fentin mai kuwa kwanaki yake yi a ɗanye, ƙurar Yamai duk a kansa za ta sauka.

Kowace rawa da dabarar da ta dace da ita. Ta samarin Woɗaaɓe motsinta sama da ƙasa ne: sun jeru kafaɗa da kafaɗa, suna ɗagawa a kan yatsun ƙafa suna komowa, gashin jimina a ka yana kaɗawa. Sandunan van Doesburg sun dace da ita, jerin layuka a tsaye masu tsayi dabam-dabam. Gaɗa baka ce: yarinya ta saki jiki ta faɗa baya, ƙawayenta su tare ta su cilla ta, ɗigon kanta ya zana rabin da'ira sau biyu, zuwa da komowa, kuma saurinsu ba ɗaya ba. Takai daga sama ake kallonsa, da'ira tana juyawa, wuraren da sanda ta haɗu da sanda su ne ɗigon da za su fi kowanne ƙarfi.

Kokowa ta fi su wuya, kuma ita muka fi so a gwada, tun da gasar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975 ta sa ba ɗan Nijar da bai san yadda kaye yake ba. Kaye ba ya cika sakan ɗaya. A sa salular a kan ɗauka mai jinkiri, mai hoto 120 a sakan, a ɗauki ɗaya cikin goma. Layi siriri kuma ba ya ɗaukar nauyin ƙato biyu. Nan a duba mutum-mutumin da Umberto Boccioni ya yi a 1913, mai dogon taku wanda ba shi da hannuwa, naman cinyarsa da ƙwaurinsa suna feshewa baya kamar iska ta ja su, shi ne a bayan kwabon santim 20 na kuɗin Yuro na Italiya. Mai zanen kokowa ya yi aiki da curi biyu na launi, ya bi ɗigon ƙugun kowannensu, ya nemo hoton da ƙugun ɗaya ya shige ƙarƙashin na ɗayan. Daga nan kayen ya fara, tun kafin ƴan kallo su tashi tsaye.

In an gama, kada a rubuta sunan rawar a ƙasa. A kai tablon wurin makaɗi, a tsayar da shi nesa da mita 3, a ce ya buga abin da yake gani da yatsa a kan benci. In ya buga da tsayawa da gudu a inda suke, aikin ya yi. In ya buga bai ɗaya, a koma kan tazarar ɗigo, kuskuren yana can.

Roƙonmu gare ka, Malam Edita, ka ware ƴar kusurwa a jaridarka ko da sau ɗaya a wata, ɗaliban Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram su riƙa aiko irin wannan zane. Muna kuma fata Gidan Tarihi na Bubu Hama da Cibiyar Al'adu ta Umaru Ganda za su buɗe wa malamai farfajiya a yi ɗaukar bidiyon, tun da masu rawa da makaɗa suna zuwa can. Masu aikowa su aiko na baƙi da fari, layinsa da kauri, su haɗa da takardar ɗigo ta farko mai lambobi 1 zuwa 12, a buga su gefe da gefe.

Allah ya ƙara wa jarida albarka. Wassalam.

Naka,
Wasu malaman zane, Yamai